Rawani da Doka: Matakan Gwamnatoci Kan Ƙyamar Mabiya Addinin Sikh

Ana ƙiyasta yawan mabiya addinin Sikh a duniya tsakanin miliyan 25 da miliyan 30, kuma mafi yawansu suna zaune ne a jihar Punjab da ke arewa maso yammacin Indiya. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna sun ɗan haura miliyan 20, wato ba su cika kashi 2 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Sauran sun bazu a ƙasashen waje. A Kanada, ƙidayar 2021 ta sami kimanin 770,000. A Ingila da Wales kuma, a wannan shekarar, kimanin 524,000. Akwai su da yawa a Amurka da Ostireliya da Italiya da Malesiya da gabashin Afirka. Duk inda suka zauna tsiraru ne, in ban da Punjab.

Addinin ya faro ne daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a wani gari da yanzu yake cikin Pakistan. Addini ne mai zaman kansa, ba reshen Musulunci ba ne, ba kuma reshen addinin Hindu ba. Mabiyansa sun yi imani da Ubangiji ɗaya, suna da littafinsu mai suna Guru Granth Sahib, suna ibada a wurin da ake kira gurdwara, kuma kowace gurdwara tana da ɗakin girki da ake ciyar da duk wanda ya shigo kyauta, ba a tambayar addininsa. A 1699, malaminsu na goma, Guru Gobind Singh, ya wajabta wa waɗanda suka yi mubaya'a abubuwa biyar: barin gashi ba aski, matajin katako, awarwaron ƙarfe, gajeren wando na musamman, da wuƙa mai kube da ake kira kirpan.

Daga cikin biyar ɗin nan, gashi ne ya jawo rawani. Kowace safiya namiji yakan taje gashinsa, ya nannaɗe shi a tsakar ka, ya soke matajin a ciki, sannan ya ɗauko yadi mai tsawon mitoci, ya kama gefe ɗaya da haƙori, ya riƙa naɗawa zagaye bayan zagaye har ya rufe gashin ruf. Yaro kuwa akan ɗaure masa ɗan ƙyalle a kan ƙullin gashin kafin ya isa naɗi. Masu kallon fina-finan Indiya sun saba ganin wannan rawani mai tsini a goshi. Ga mai shi, ba ado ba ne da za a tuɓe a bakin ƙofa a rataye. A fizge masa shi a bainar jama'a babban cin mutunci ne. Kusan duk rigimar da aka yi a kan 'yan Sikh a ƙasashen waje, a kan rawanin nan da gemu da kirpan aka yi ta.

Wahalar da suka sha iri biyu ce. Akwai ta kan titi: zagi, jifa, duka, kisa. Akwai kuma ta ofis, wadda ake yi da takarda da hatimi, inda ƙa'idar aiki ko ta makaranta ke cewa sai mutum ya zaɓa tsakanin addininsa da abincinsa. Ta biyun nan hukumomi ne da kansu suka kafa ta. Saboda haka babban ɓangare na abin da ake kira ƙoƙarin gwamnati a wannan fanni, gwamnati ce ke warware ƙullin da ta ƙulla da hannunta, kuma da wuya ta yi hakan ba tare da an matsa mata ba.

A farkon ƙarni na 20, nuna bambancin a fili yake cikin doka. A 1908 Kanada ta kafa sharaɗin cewa baƙo ba zai shiga ƙasar ba sai ya taso daga ƙasarsa ta haihuwa kai tsaye, ba tare da ya ya da zango ba, alhali an san babu jirgin da ke irin wannan tafiya daga Indiya. A watan Mayun 1914, jirgin ruwan Komagata Maru ya iso Vancouver da fasinjoji 376, galibinsu 'yan Sikh. Aka tsare shi a tashar wata biyu, abinci da ruwa suna ƙaranci, sannan aka kora shi da rakiyar jirgin yaƙi. Da ya isa kusa da Kalkata, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta, kusan mutum 20 suka mutu. Sai a ranar 18 ga Mayun 2016 Firaminista Justin Trudeau ya miƙe a zauren majalisar dokoki ya nemi gafara a madadin gwamnati. An taɓa neman gafarar a 2008 a wani taro a filin shaƙatawa, amma jama'ar suka ce ba su karɓa ba sai an faɗa a majalisa, inda aka yi dokar. A Amurka ma, a 1923 Kotun Ƙoli ta hana Bhagat Singh Thind zama ɗan ƙasa duk da ya yi aikin soja, bisa hujjar cewa shi ba farar fata ba ne. Sai a 1946 aka buɗe wa 'yan Indiya wannan ƙofa.

Birtaniya ce ƙasar da aka fi ganin yadda doka ta riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan. A 1967, hukumar sufurin birnin Wolverhampton ta dakatar da wani matashin direban bas, Tarsem Singh Sandhu, saboda ya zo aiki da rawani da gemu. Aka kwashe shekara biyu ana ja-in-ja. Dubban mutane suka yi zanga-zanga, wani dattijo mai suna Sohan Singh Jolly ya yi alwashin cinna wa kansa wuta idan ba a janye haramcin ba, kuma sai da ya rage kwanaki kaɗan wa'adinsa ya cika, a watan Afrilun 1969, hukumar ta sauko. A 1976 majalisa ta yi doka ta musamman da ta ɗauke wa mai rawani sa hular kwano a kan babur. Hujjar da ta yi tasiri a muhawarar ita ce, sojojin Sikh sun yi wa Birtaniya yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da rawani a ka, babu wanda ya ce su cire a lokacin da ake ruwan harsashi. A 1989 aka yi irin wannan sassauci a wuraren gine-gine, a 2015 aka faɗaɗa shi zuwa galibin wuraren aiki. Dokar hana yawo da wuƙa ta 1988 ta amince da dalilin addini a matsayin kariya, kuma dokar makamai ta 2019 ta sake tabbatar da matsayin kirpan.

Shari'ar da ta fi kowace nauyi ta taso ne daga wata makarantar kuɗi a Birmingham. A 1978, shugaban makarantar ya ƙi karɓar ɗan wani lauya mai suna Sewa Singh Mandla, sai in yaron zai aske gashi ya sa hular makaranta. Uban ya kai ƙara, hukumar daidaito tsakanin ƙabilu ta gwamnati ta mara masa baya. Amma akwai cikas. Dokar 1976 ta haramta nuna bambanci saboda launin fata ko ƙabila ko asali, ba ta ambaci addini ba. Kotun farko da kotun ɗaukaka ƙara duk suka ce 'yan Sikh mabiya addini ne, ba ƙabila ba, don haka doka ba ta rufe su ba. A watan Maris na 1983, alƙalan Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, suka soke wannan hukunci. Suka ce jama'ar da ke da dogon tarihi na bai-ɗaya wanda ta san ya bambanta ta da wasu, take kuma da al'adunta na gida da na zamantakewa, ta cancanci a ɗauke ta a matsayin ƙabila a idon doka, ko da addini ne ya haɗa ta.

Hukuncin ya yi wa 'yan Sikh rana, sai dai ya bar wani giɓi. Yahudawa da 'yan Sikh sun sami inuwar dokar, Musulmi kuwa, da yake sun fito daga ƙabilu barkatai, ba su samu ba. Sai a 2003 aka haramta bambancin addini a wurin aiki, sannan dokar daidaito ta 2010 ta tattara komai wuri ɗaya. Ko bayan hukuncin 1983 ma ba a daina zuwa kotu ba: a 2008 sai da babbar kotu ta umarci wata makarantar 'yan mata a Wales ta bar wata ɗaliba ta sa awarwaronta.

A Kanada, rigimar ta faɗa ne a kan rundunar 'yan sandan tarayya, masu jar riga da faffaɗar malafa, waɗanda 'yan ƙasar ke ɗauka alamar ƙasa ce. Baltej Singh Dhillon ya nemi shiga da rawaninsa, aka yi ta tattara sa hannun masu adawa, amma a watan Maris na 1990 gwamnatin tarayya ta sauya ƙa'idar kayan sarki. Batun kirpan kuwa ya kai Kotun Ƙoli. A 2001, wuƙar wani yaro ɗan shekara 12 ta faɗo daga jikinsa a filin makaranta a Montreal, hukumar makarantu ta haramta masa zuwa da ita. A 2006 kotun ta ce haramcin ya saɓa wa 'yancin addini. Abin lura shi ne yadda aka warware matsalar da sharuɗɗa na zahiri: wuƙar ta kasance cikin kube na katako, a naɗe ta cikin ƙyalle mai ƙarfi a ɗinke, a sa ta ƙarƙashin riga, kuma malamai suna da ikon dubawa. Alƙalan suka ƙara da cewa a kowane aji akwai almakashi da sauran abubuwan da za a iya cutar da mutum da su, kuma ba a gabatar musu da ko misali ɗaya na tashin hankali da kirpan a wata makarantar Kanada ba.

Ƙyamar kan titi ta ɗauki sabon salo bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka. Hotunan Usama bin Laden da rawani da gemu suka cika talabijin, alhali a titunan Amurka galibin maza masu rawani 'yan Sikh ne. Kwana huɗu bayan harin, a birnin Mesa na jihar Arizona, wani ɗan Sikh mai suna Balbir Singh Sodhi yana tsaye a gaban gidan mansa ana shirin dasa furanni, wani mutum ya zo a mota ya harbe shi har lahira. Daga nan maharin ya wuce ya yi harbi a wani gidan man da wani ɗan asalin Lebanon ke aiki, da kuma gidan wasu 'yan asalin Afganistan. An yanke masa hukuncin kisa a 2003, daga baya aka mai da shi ɗaurin rai-da-rai. Shugaba George Bush ya gana da shugabannin Sikh a fadar White House a cikin watan, majalisa ta sa sashen da ke yin tir da cin zarafinsu cikin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2001, ma'aikatar shari'a kuma ta shirya hotuna da faifan bidiyo don koya wa 'yan sanda abin da rawani da kirpan suke nufi da yadda ake binciken mai su ba tare da wulaƙanci ba.

A nan akwai wani tarko da hukumomi da 'yan jarida suka sha faɗawa, wato bayyana irin wannan kisa da cewa kuskure aka yi, an zaci Musulmi ne. Maganar tana nuna kamar da Musulmin aka samu da an yi daidai. Manyan ƙungiyoyin Sikh, irin su Sikh Coalition da aka kafa bayan harin 2001, sun ƙi bin wannan hanya, sun gwammace su haɗa kai da ƙungiyoyin Musulmi da na Larabawa wajen neman gyaran doka. A 2017 wata mata ta tare ɗan siyasar Kanada Jagmeet Singh a wurin taro tana zarginsa da goyon bayan shari'ar Musulunci. Bai ce mata shi ba Musulmi ba ne, kuma daga baya ya bayyana cewa da gangan ya ƙi faɗa, domin ƙiyayyar ce laifi ko a kan wa ta faɗa. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, to waɗannan ruwan suka ɗauko suka nufi gemun ɗan'uwan. Banda haka, zancen kuskure bai ma cika gaskiya ba, tunda an kori 'yan Sikh daga garin Bellingham na jihar Washington da duka tun a 1907.

Ranar Lahadi, 5 ga Agustan 2012, da safe, wani tsohon soja mai aƙidar fifita farar fata ya shiga gurdwarar Oak Creek a jihar Wisconsin da bindiga. Mata suna ɗakin girki suna haɗa abincin rana, sai suka ɓuya a ɗakin ajiyar kayan abinci. Ya kashe mutum shida, ya yi wa ɗan sandan da ya fara isowa ruwan harsashi, wani malamin addini da ya ji rauni kuma ya rasu a 2020 bayan shekaru yana kwance. Shugaba Barack Obama ya ba da umarnin a sassauto da tutoci, ministan shari'a Eric Holder ya halarci zaman makoki.

Sai bayan wannan aka farga da wani abu mai ban mamaki. Takardar da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ke amfani da ita wajen tattara laifukan ƙiyayya tana da gurbin Yahudawa da Katolika da Furotesta da Musulmi, amma babu gurbin Sikh. Duk wanda aka kashe ko aka daka cikinsu, sai a jefa shi cikin "sauran addinai" ko a lissafa shi da wasu. A watan Satumban 2012, wani matashi ɗan shekara 18 da aka kashe mahaifiyarsa a Oak Creek, Harpreet Singh Saini, ya tsaya gaban kwamitin majalisar dattawa ya roƙi a ƙidaya mahaifiyarsa. A 2013 aka amince, a 2015 aka fara lissafin, aka kuma ƙara gurbin mabiya Hindu da Buddha da Larabawa. Ihu ne bayan hari, domin ƙungiyoyin Sikh sun daɗe suna wannan kira.

Alƙaluman da suka biyo baya suna buƙatar a karanta su da hankali. A 2015 laifi 6 kacal aka rubuta a faɗin Amurka; a 2021 da 2022 kuwa adadin ya haura 150 a kowace shekara. Wannan ba ya nufin ƙiyayyar ta ninka haka. Wani ɓangare na ƙarin daga 'yan sanda ne da suka fara sanin gurbin da za su cika. Har yanzu kuma aika rahoto ga FBI ba dole ba ne a kan 'yan sandan jihohi da birane, da yawansu sukan rubuta sifiri. A gefen waɗanda abin ya shafa, direban tasi ko mai shagon da ke aikin dare, wanda Turancinsa bai nuna ba ko takardunsa ba su cika ba, ba kasafai yake kai kansa ofishin 'yan sanda ba. A Ingila da Wales, inda ake ƙara wa mai laifi hukunci idan ƙiyayyar addini ce ta tunzura shi, ana rubuta addinin da maharin ya zaci mutum yana bi ne, don haka ɗan Sikh da aka zaga da sunan Musulmi yakan shiga lissafin Musulmi. Akwai kuma saɓani kan niyya: a harin da aka kai wa ma'ajiyar kamfanin FedEx a Indianapolis a watan Afrilun 2021, huɗu daga cikin mutum takwas da aka kashe 'yan Sikh ne, amma masu bincike suka ce ba su ga shaidar ƙiyayya ba, hukuncin da jama'ar da dama ba su gamsu da shi ba.

Sauran matakan sun haɗa da kuɗin tsaro da gwamnatocin Amurka da Birtaniya ke bai wa wuraren ibada don sa kyamarori da shinge da ƙofofi masu ƙarfi, da shigar da darasi kan addinin Sikh cikin manhajar jihohi kamar New Jersey da Texas da Kalifoniya, domin yara masu ƙullin gashi na daga cikin waɗanda aka fi tsangwama a makaranta. Kanada ta ware watan Afrilu don tunawa da tarihinsu ta dokar 2019. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka, wadda ta rufe ƙofa ga masu rawani a 1981, ta fitar da sabuwar ƙa'ida a watan Janairun 2017 bayan ƙarar da wani kyaftin, Simratpal Singh, ya shigar. Ƙa'idar ta halatta rawani da gemu, ta kuma halatta hijabi ga sojoji mata Musulmi.

Ba kowace gwamnati ce ta bi wannan layi ba. Faransa ta haramta alamomin addini masu bayyana a makarantun gwamnati a 2004. Hijabi aka fi nufa, amma aka kori ɗalibai 'yan Sikh tare. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2012 an tauye haƙƙin ɗaya daga cikinsu, Faransa ba ta sauya dokar ba. Lardin Quebec na Kanada ya yi doka a 2019 da ta hana sababbin malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da wasu jami'an shari'a sa alamar addini a bakin aiki. Wato a ƙasa ɗaya, mai rawani ya riƙe muƙamin ministan tsaro daga 2015 zuwa 2021, amma ba za a ɗauke shi sabon malamin firamare a makarantar gwamnati a Montreal ba.

A Indiya lamarin ya sha bamban, domin rawani ba baƙon abu ba ne a can. Sashe na 25 na tsarin mulki ya ambaci kirpan da suna a matsayin ɓangaren addinin, 'yan Sikh suna cikin tsirarun da dokar hukumar kula da tsiraru ta 1992 ta shafa, kuma gyaran dokar 2012 ya ba su damar yin rajistar aure a ƙarƙashin dokarsu. Babban tabon shi ne na 1984. A watan Yuni sojoji suka kutsa cikin wurin ibada mafi tsarki a Amritsar don fatattakar 'yan bindigar da suka yi sansani a ciki. Ranar 31 ga Oktoba, masu tsaron Firaminista Indira Gandhi biyu, 'yan Sikh, suka harbe ta. Kwana uku aka yi gungun mutane suna bin unguwanni a Delhi da kananzir da tayoyi, suna gane gidajen 'yan Sikh ta rajistar masu zaɓe, 'yan sanda kuma a wurare da yawa suna kallo. Adadin gwamnati ya ce mutum 2,733 aka kashe a Delhi kaɗai.

An kafa kwamitoci da hukumomin bincike ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu ba su kai ga hukunta manya ba. Hukumar mai shari'a Nanavati ta miƙa rahotonta a 2005, ta ambaci wasu 'yan siyasar jam'iyyar Congress, kuma a watan Agustan shekarar Firaminista Manmohan Singh, wanda shi kansa ɗan Sikh ne kuma ɗan jam'iyyar, ya nemi gafara a majalisa. A 2015 aka kafa ayarin bincike na musamman don sake buɗe wasu shari'o'in da aka rufe. A watan Disambar 2018, shekara 34 bayan kisan, babbar kotun Delhi ta yanke wa tsohon ɗan majalisa Sajjan Kumar ɗaurin rai-da-rai kan kashe mutum biyar, ta kuma bayyana abin da ya faru da laifin cin zarafin bil'adama da aka yi da ɗaurin gindin 'yan siyasa. A watan Fabrairun 2025 wata kotun ta sake yanke masa irin wannan hukunci kan kisan wani uba da ɗansa.